Hannun jarin Geregu da layin matsakaicin farashin kwana 200: littafin bibiya na 2025

13 ga Janairu, 2025

Tambaya guda ce ta sa na buɗe wannan littafi: shin layin matsakaicin farashin kwana 200, wanda masu nazarin kasuwa suke dogara da shi wajen gane ko hannun jari yana hawa ne ko yana gangarowa, zai iya gaya mini wani abu mai amfani game da kamfanin Geregu Power? Fitar da layin ba shi da wuya. Ana tara farashin da aka tashi kasuwa da shi a kwanakin ciniki 200 na baya-bayan nan, a raba jimlar gida 200, washegari kuma a cire rana mafi tsufa a saka sabuwa. Da yake ba a cin kasuwar ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kwana 200 na ciniki yakan ɗauki kimanin wata tara da rabi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce, idan farashi yana saman layin, shi kuma layin yana hawa, to hannun jarin yana cikin ƙoshin lafiya, idan kuwa farashin ya nutse ƙasa da layin, sai mai jari ya yi hattara.

Na zaɓi Geregu ne saboda shi ne kamfanin samar da lantarki na farko da aka saka a kasuwar hannayen jari ta Najeriya, NGX, a ranar 5 ga Oktoba, 2022, da hannayen jari biliyan 2.5 a kan naira 100 kowane ɗaya. Tasharsa tana kusa da Ajaokuta a jihar Kogi, tana aiki da iskar gas, tana da injina uku ƙirar Siemens masu ƙarfin megawat 435 gaba ɗaya. Ta koma hannun 'yan kasuwa ne a 2013, lokacin da gwamnati ta cefanar da kamfanonin lantarki, kuma mafi yawan hannayen jarin suna hannun kamfanin Amperion, wanda Femi Otedola yake jagoranta a farkon 2025. Layin kwana 200 na Geregu bai samu lambarsa ta farko ba sai wajen ƙarshen Yulin 2023, don haka tarihinsa shekara ɗaya da rabi ne kawai. Duk da haka ya fi na Transcorp Power, wani kamfanin samar da lantarki, tsawo, domin shi a ranar 4 ga Maris, 2024 ya shiga kasuwa, kuma kwanan nan ne ya cika kwana 200.

Na shirya jadawali a Excel mai gurabe huɗu: kwanan wata, farashin tashi kasuwa, matsakaicin kwana 200, da tazarar da ke tsakaninsu bisa ɗari.

20 ga Janairu

Da aka zana farashin, siffarsa ta fi kama da matattakala fiye da tudu da kwari irin wanda ake gani a littattafan koyar da nazarin kasuwa. An rufe 2023 a kan naira 399, farashin ya yi ta tsalle cikin watanni biyun farko na 2024 har ya kai naira 1,000 a watan Maris, ya zauna a wurin tsawon watanni, sannan kafin shekarar ta ƙare ya hau naira 1,150, inda yake har yau. Ta fuskar ƙa'ida, komai lafiya lau: farashi yana sama, layi yana bin sa a baya yana hawa.

Sai dai lissafin da ke ƙarƙashin wannan hawa yana buƙatar a tsaya a kansa. Don sauƙaƙawa, mu ɗauka cewa farashin ya tashi daga 1,000 zuwa 1,150 a lokaci guda, ya kuma tsaya cak. Kowace rana za a cire 1,000 ɗaya daga jimlar a saka 1,150 ɗaya, wato ƙarin naira 150, wanda idan aka raba gida 200 zai ba da kwabo 75. Ma'ana layin zai riƙa hawa da kwabo 75 kullum har tsawon kwana 200, ko da ba a sake sayen hannun jari ko ɗaya ba. A ranar farko tazarar za ta kasance kusan kashi 15 cikin ɗari, bayan kwana 100 layin zai kai 1,075 tazarar ta ragu zuwa kusan kashi 7, a rana ta 200 kuma su haɗe. Duk wanda ya dubi zanen a kowace rana cikin waɗannan watanni tara zai ga layi mai hawa da farashi a samansa, ya ɗauka masu saye ne suke ta tururuwa, alhali motsi ɗaya ne aka yi tun tuni, lissafi kawai yake ta raba shi ƙanana-ƙanana.

10 ga Fabrairu

Sakamakon kamfanin na 2024 ya fito, don haka na ajiye zanen na koma kan alƙaluma. Kuɗin shiga ya kai kimanin naira biliyan 137, daga kusan biliyan 83 a 2023, riba bayan cire haraji kuma ta kai kimanin biliyan 27.4. Hukumar daraktoci ta gabatar da shawarar raba naira 8.50 a kan kowane hannun jari, bayan naira 8 da aka raba a shekarar da ta gabata. Ba wanda zai ce kamfanin bai yi aiki ba.

Amma idan aka raba ribar gida biliyan 2.5, kowane hannun jari ya samo kusan naira 11, ga shi kuma ana sayar da shi 1,150, wato ya ninka ribarsa ta shekara fiye da sau 100. Rabon naira 8.50 a kan jarin 1,150 kuwa kashi 0.74 ne cikin ɗari. A ko'ina cikin duniya, abin da yake jan mutane zuwa ga kamfanonin lantarki da ruwa da gas shi ne rabon riba mai kauri wanda ba ya yankewa, domin sana'arsu ba ta bunƙasa da gaggawa, hukuma ce kuma take ƙayyade musu farashi. A nan an samu akasin haka: kamfani mai tasha ɗaya wanda kasuwa ta yi wa ƙimar naira tiriliyan 2.875, yana kuma biyan rabon da bai kai kashi 1 ba, a ƙasar da Babban Banki ya ajiye kuɗin ruwansa a kashi 27.5, takardun bashin gwamnati na shekara guda kuma suna biyan sama da kashi 20 a watan jiya. Layin kwana 200 ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin farashi kaɗai ake ciyar da shi.

Na ƙara wani ɗan lissafi a gefe. Lokacin da aka saka kamfanin a kasuwa, dala tana wajen naira 430 da wani abu a farashin hukuma, yanzu kuma ta haura 1,500. Naira 100 ta wancan lokaci kusan santi 23 ce, naira 1,150 ta yau kuma kusan santi 75. Ninki goma sha ɗaya da rabi a naira ya koma ninki uku da ɗoriya a dala. Riba ce babba har yanzu, amma wani ɓangare na hawan da layin yake nunawa faɗuwar naira ce tun daga sakin ta da aka yi a Yunin 2023.

24 ga Fabrairu

Wannan makon na gano inda gizo yake saƙa, kuma a dokokin kasuwar yake. A NGX, bisa dokar da take aiki a 2025, farashin da ake bugawa a allo ba ya canzawa sai an yi ciniki ɗaya na hannayen jari aƙalla 100,000 a sabon farashi, sannan ba a yarda ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 a rana guda ba. An kafa dokar ne don kada wani ya sayi 'yan ƙwarori ya girgiza farashin babban kamfani, kuma ga hannun jarin da ake sayarwa naira 5 ko 20 ba ta da wani nauyi, tun da naira dubu ɗari biyar ko miliyan biyu ta isa. Ga Geregu kuwa, 100,000 sau 1,150 naira miliyan 115 ke nan a ciniki ɗaya. Ƙananan masu jari suna iya saye da sayarwa a tsakaninsu ta hannun dillalai a farashin da ya yi ƙasa da na allo, a tashi kasuwa allon yana nan a 1,150 kamar ba abin da ya faru.

Idan aka haɗa wannan da cewa kaso mafi tsoka na hannayen jarin yana hannu ɗaya, wani kason kuma yana hannun manyan cibiyoyi irin asusun FEDA na bankin Afreximbank da ya sayi kashi 5, sai a ga abin da ya rage yana yawo a kasuwa kaɗan ne ƙwarai. Lambar da take kan allo ta zama kamar kuɗin da aka sallama raƙumi na ƙarshe a kara: gaskiya ce a ranar da aka yi cinikin, amma ba ita ce abin da mai raƙumi zai samu yau ba idan ya ja nasa ya kawo. Matsakaicin kwana 200 ya ginu ne a kan zaton cewa kowace lamba cikin ɗari biyun nan sakamakon ja-in-ja ce tsakanin masu saye da masu sayarwa a wannan ranar. A Geregu, galibinsu maimaicin lambar jiya ce.

Saboda haka na ƙara gurabe biyu a jadawalin: yawan hannayen jarin da aka yi cinikinsu a rana, da jimlar kuɗin cinikin. Idan aka raba na biyu da na farko, ana samun ainihin matsakaicin farashin da aka yi musaya a kansa a ranar, ko da allon bai motsa ba. Daga yanzu zan riƙa bin layi biyu, na allo da na ainihin ciniki.

Hukumar ƙididdiga ta sauya shekarar ma'auninta, hauhawar farashi ta Janairu ta fito kashi 24.48, bayan kashi 34.80 da aka bayar na Disamba da tsohon ma'auni. Ko da wanne aka auna, jarin da ya tsaya wuri ɗaya yana zaizayewa.

10 ga Maris

Domin kada in ɗora wa ma'aunin laifin da ba nasa ba, na gwada shi a kan kamfanin lantarkin da ake cinikin miliyoyin hannayen jarinsa kullum, wato NextEra Energy na Amurka, uwar kamfanin Florida Power & Light. Ya shiga 2023 yana sama da dala 80, ya yi ta zamewa sannu a hankali yayin da babban bankin Amurka yake ƙara kuɗin ruwa har ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.50 a watan Yuli. A ranar 27 ga Satumba, wani reshensa mai suna NextEra Energy Partners ya rage alƙawarin ƙaruwar rabon da yake biya da kusan rabi, sai farashin uwar kamfanin ya rikito, ya faɗi ƙasa da dala 50 a farkon Oktoba, watan da ribar takardun bashin gwamnatin Amurka na shekara goma ta taɓa kashi 5 a karon farko tun 2007. Mai bin layin kwana 200 ya riga ya samu gargaɗi tun kafin wannan faɗuwa, domin farashin ya daɗe a ƙarƙashinsa. A 2024 kuma farashin ya sake ƙetare layin zuwa sama, ya koma sama da dala 80 a watan Satumba, watan da aka fara rage kuɗin ruwa.

Akwai dalilin da ya sa ma'aunin ya yi aiki a can. Kamfanonin lantarki suna cin bashi mai yawa don gina tashoshi da layuka, masu sayen hannun jarinsu kuma suna kwatanta rabon da za su samu da abin da takardun gwamnati suke biya, don haka idan kuɗin ruwa ya hau, ta fuska biyu suke sha: bashinsu ya yi tsada, masu jari kuma su gudu. Kuɗin ruwa ba ya juyawa a dare ɗaya, yakan ɗauki shekara ko fiye yana bin hanya guda, kuma irin wannan doguwar tafiya ce layin kwana 200 ya iya kamawa. Ko a can ɗin ma yana makara, domin wanda ya jira farashi ya ƙetare layin kafin ya saya ya rasa hawan farko daga ƙasa da dala 50. Amma makara daban, rashin jin labari gaba ɗaya daban. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024, ƙarin da ya isa ya durƙusar da hannun jarin kowane kamfanin lantarki a kasuwa mai zurfi, sai ga shi a wannan shekarar ce na Geregu ya kusa ninkawa uku.

7 ga Afrilu

Farashin allo ya motsa, daga 1,150 zuwa 1,141.50. Bambancin naira 8.50 ne daidai, wato kasuwa ce ta cire kuɗin rabon riba daga farashin kamar yadda take yi wa kowane kamfani bayan an rufe rajistar waɗanda za a biya. Ba wanda ya sayar da rahusa, ba kuma wani labari da ya ɓullo.

Wannan ɗan ragi zai haifar da wani abu da nake so in rubuta tun kafin ya faru. A yanzu layin yana ƙasa da farashi saboda har yanzu akwai ragowar kwanakin 1,000 a cikin ɗari biyun. Waɗannan kwanaki suna fita ɗaya bayan ɗaya, kuma idan suka ƙare, abin da zai saura shi ne kwanakin 1,150 da kwanakin 1,141.50, matsakaicinsu kuwa dole ya fi 1,141.50. Idan alal misali kwanakin 1,150 da suka rage a ciki 100 ne, layin zai tsaya a 1,145.75. Ke nan, muddin allon bai sake motsawa ba, wani lokaci a tsakiyar daminar bana farashin Geregu zai koma ƙasa da matsakaicinsa na kwana 200, kuma duk wata manhaja da aka saita don ta yi gargaɗi za ta nuna alamar sayarwa. Maganin wannan sananne ne, wato a cire kuɗin rabon daga dukkan farashin da suka gabaci ranar ragin kafin a yi lissafi, sai dai ba kowane shafin da yake nuna zanen kasuwar Najeriya ne yake yin hakan ba. Na ƙara gurbi na farashin da aka daidaita.

2 ga Yuni

Ga wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, kwatanta rabon Geregu da takardun bashin baitulmali ba shi da amfani, tun da ba zai saye su ba ko nawa suke biya. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari da aka tsara bisa shari'ar Musulunci ba tare da kuɗin ruwa ba, shi ne ma'aunin da ya dace da shi. Wanda ofishin kula da basussuka ya fitar a watan jiya na naira biliyan 300 ne, na shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 19.75 a shekara, kuma masu nema sun kawo sama da naira tiriliyan 2. Naira miliyan ɗaya a cikinsa tana kawo 197,500 a shekara, miliyan ɗaya a Geregu a farashin allo kuma tana kawo wajen 7,400. Sauran gibin sai dai hawan farashi ya cike shi, farashin kuma yana tsaye.

28 ga Yuli

Ranar Juma'ar da ta wuce Shugaba Tinubu ya gana da shugabannin kamfanonin samar da lantarki a kan bashin da suke bi, wanda suka ce ya kai kimanin naira tiriliyan 4. An yi maganar fitar da takardun lamuni don biyan su, shugaban kuma ya nemi a ba gwamnati lokaci ta tantance alƙaluman. A ganina wannan bashi shi ne babban abin da ya kamata ya riƙa juya farashin Geregu. Kamfanin yana sayar da wutarsa ne ga NBET, kamfanin gwamnati mai saye a dunƙule, shi kuma yana jiran abin da kamfanonin rarrabawa suka tara daga masu amfani da wuta da kuma tallafin da gwamnati ta yi alƙawari. Ƙarin da aka yi wa 'yan rukunin Band A, wato masu amfani da wuta da aka ware a matsayin waɗanda suka fi samun ta, a Afrilun 2024, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, ya rage gibin amma bai rufe shi ba. Don haka kuɗin shigar da ake rubutawa a littafi ba duka ne suke shiga aljihu a kan lokaci ba, alhali masu kawo gas, wanda da dala ake ƙayyade farashinsa, suna jiran nasu.

Labari irin wannan, mai daɗi ne ko marar daɗi, da a kasuwa mai zurfi ne da an ga alamarsa a farashi kafin a tashi. Allon Geregu yana nan a 1,141.50. Daga yau na buɗe shafi na biyu a jadawalin, inda zan riƙa shigar da abubuwa uku daga rahoton kowane wata uku: bashin da kamfanin yake bin masu sayen wutarsa, bashin da ake bin sa, da tsabar kuɗin da suka shigo daga aiki idan aka kwatanta da ribar da aka bayyana.

8 ga Satumba

Abin da na rubuta a Afrilu ya tabbata. Kwanakin 1,000 sun gama fita, layin da ba a daidaita ba yana saman farashi da abin da bai kai naira 5 ba, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma a hukumance Geregu yana ƙarƙashin matsakaicinsa na kwana 200. A gurbin farashin da aka daidaita kuwa, layi da farashi sun haɗe sun zama abu ɗaya, tazararsu sifili. Wannan ya faru ne a shekarar da ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wanda ya rufe 2024 a kusan maki 102,900, ya haura 140,000 a farkon Agusta. Wanda ya riƙe Geregu tun Janairu saboda layin yana cewa lafiya lau, naira 8.50 ya samu a kan kowace 1,150, wanda kuma zai sayar yau saboda layin ya ce a yi hattara, ragin rabon riba ne kawai ya tsorata shi.

Hukuncina a wannan mataki shi ne ba zan ƙara amfani da layin farashin allo wajen yanke shawara a kan wannan kamfani ba, sai dai in ci gaba da cika gurbinsa don tarihi. Zan kuma sa sharaɗi kafin in gwada ma'aunin a kan kowane hannun jari a NGX: sai na ƙirga kwana nawa cikin ɗari biyun farashin allo ya canza, idan bai kai rabi ba, ba zan zana layin ba. Transcorp Power ne na gaba da zai bi ta wannan gwaji, kuma a nasa lissafin sai an cire rabon riba na tsakiyar shekara da na ƙarshenta kafin a fara. Game da Geregu, abin da nake jira shi ne rahoton wata tara da ake sa ran fitowarsa a Oktoba, domin in cika shafi na biyu in ga ko bashin da yake bi ya ƙaru ko ya ragu tun bayan ganawar Yuli.